Mesa Mai Raga, Mesar Bama, Ko Tamu Ta Gida: Wacce Za Ka Iya Riƙewa?

Kawuna yana da gidan gona a bayan gari, kuma kamar yawancin masu hali irinsa, ya tara dabbobin sha'awa a ciki: jiminu biyu, ɗawisu, barewa, da wani tsohon kunkuru da ya girmi duk ma'aikatan gidan. Ranar Asabar 'yan makaranta kan zo kallo. Kwanakin baya ya sa aka kira ni, ya miƙo mini wayarsa. Hoto ne na wasu ƙarti sun yi sahu suna tallabe da mesa guda ɗaya, kai a hannun na farko, jela a hannun na ƙarshe.

"Ɗana, irin wannan nake so," in ji shi. "An ce duk duniya babu macijin da ya kai ta tsawo. Kai da ka zauna a ƙasarsu, nawa za a kawo mini ita?"

Na ce, "Allah ya ja kwana Kawu, kuɗin sayenta ai shi ne mai sauƙin."

Abin da na yi masa bayani a ranar shi zan shimfiɗa a nan, don na lura ba shi kaɗai ba ne. Masu wuraren shaƙatawa, da makarantun da ke son ɗan gidan dabbobi, da samarin da bidiyon intanet ya ɗauke wa hankali, duk tambayarsu ɗaya ce. Mesoshi huɗu ne a gaban mai wannan niyya. Akwai wadda Kawu ya gani, ta kudu maso gabashin Asiya, wadda masana ke kira Malayopython reticulatus saboda zanen bayanta mai kama da raga. A Malesiya sunanta ular sawa batik, wato sun kamanta zanen da yadinsu na batik, wanda shi ne kakan atamfar da matanmu ke ɗaurawa. Ni zan kira ta mai raga. Akwai mesar Bama, ƙasar da kakanninmu suka je yaƙi. Akwai tamu ta gida, wadda manomin fadama ya sani. Sai kuma ƙaramar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, ita ma 'yar Afirka ta Yamma ce.

Zancen tsawo dai gaskiya ne, mai raga ce sarauniya. Wadda kundin Guinness ya auna a birnin Kansas na Amurka a 2011, mai suna Medusa, ta kai mita 7.67, wato ƙafa 25 da 'yan kai, nauyinta kilo 158.8. A dajin Kalimantan ta Gabas a Indonesiya, kusa da Balikpapan, an taɓa auna wata mai mita 6.95, wadda ta haɗiye wata ƙaramar dabbar beyar mai kilo 23 da masu bincike suka maƙala wa na'urar bibiya a wuya. Na'urar ce ma ta kai su inda take kwance. Labarin mai mita 10 da aka ce an harbe a tsibirin Sulawesi a 1912 kuwa, ya yi yawo a littattafai amma babu ma'aunin da ya tsaya masa. Fatar maciji tana miƙewa sosai in an feɗe ta, shi ya sa duk mafarauci mesarsa ta fi ta kowa. Yawancin manyan masu raga suna tsakanin mita 3 ne zuwa 6, kuma matan sun fi mazan girma nesa ba kusa ba.

Sai dai tsawo daban, kauri daban. Mai raga siririya ce idan aka gwada ta da tsawonta. Waccan ta Balikpapan kilo 59 kacal ta yi, ko da yake ta yi kusan wata uku ba ta ci ba kafin a auna ta. Mesar Bama ba ta kai ta tsawo ba, amma ta fi ta cika ido. Wata da aka riƙe a jihar Illinois ta Amurka ta kai kilo 182.8 alhali tsawonta mita 5.74 ne. Tamu ta gida, wadda ita ce babbar macijiyar Afirka, yawanci tana tsakanin mita 3 da 4 da rabi, jefi-jefi a sami mai doshin 6. Mai dunƙulewa da ƙyar take wuce mita ɗaya da rabi. To ga abin da Kawu bai yi tunani ba: ɗan makarantar da ya leƙa ta gilashi ba ya ganin tsawo. Maciji a nannaɗe yake wuni. Abin da yaro zai gani tulin jiki ne da kai a ɗore a sama, kuma tulin mesa mai mita 4 ya isa ya sa shi ihu.

Na fara ganin mai raga ido da ido lokacin ina karatu a Selangor ta Malesiya. Bayan ɗakunan kwananmu akwai wani babban lambatu na siminti, kuma an yi makonni ana cewa magen da ke zuwa bayan kicin ta ɓata, sai ta biyu ma ta bi ta. Wani dare bayan ruwan sama mai gadi ya haska fitila ya gan ta, rabin jiki a ruwa, rabi a kan dakali. Aka kira 'yan kwana-kwana, waɗanda a can ake ce wa Bomba, don kamun maciji na cikin aikinsu na yau da kullum. Su huɗu suka zo. Abubuwa uku ne suka zauna mini. Na farko idonta, ruwan lemo, yana bin duk wanda ya motsa, ba irin kallon banzan da na zata maciji ke yi ba. Na biyu ƙyallin fatarta a hasken fitila, kamar an zuba man fetur a ruwa, ga wani baƙin layi siriri da ya taso daga hanci ya ratsa tsakiyar kai. Na uku saurinta. Da na gaba ya kai sanda wuyanta, ban ga lokacin da ta kawo cizo ba, na dai ji ƙarar bakinta a jikin ƙarfen. Da suka danne kan, sai jelar ta nemo ƙafar na baya ta naɗe, ta kuma saki wani kashi mai ɗoyi da ya ɓata wandon mutum biyu. Ba ta fi mita 4 ba, amma ƙarti huɗu sai da suka yi gumi kafin ta shiga buhu.

Halinta ke nan, kuma a nan ta rabu da sauran. Mai raga macijiya ce mai kuzari da sa ido. A daji tana ƙarama kan bishiya take kwana, sau da yawa a reshen da ya leƙa kogi, in an matsa mata ta saki jiki ta faɗa ruwa. Gwanar iyo ce har a teku, shi ya sa ta cika tsibiran Indonesiya da Filifin, kuma tana cikin dabbobin farko da suka koma tsibirin Krakatau bayan aman wutar 1883 ya shafe komai. Ba ta gudun mutane. A Bangkok da Singafo cikin magudanan ruwa take zaune tana cin ɓeraye. Binciken da masanin macizai Rick Shine da abokan aikinsa suka yi a mahautan fata na Sumatra a shekarun 1990 ya nuna ƙananan kusan ɓera kaɗai suke ci, sai sun doshi mita 3 zuwa 4 su koma kan biri, beguwa da aladen daji. Saboda wannan iya zama da mutane ne har yau ba ta cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu, duk da dubban ɗaruruwan fatun da Indonesiya da Malesiya ke fitarwa kowace shekara.

A keji wannan kuzarin ya zama aiki. Takan yi ta zagaye da dare tana tura hanci a kowace kafa, tana gwada kowane ƙyaure, har ta goge fatar hancinta ya zama gyambo. Mazan in lokacin barbara ya zo sukan daina ci, su yi ta kai-komo, kuma idan biyu suka haɗu ba kokawa kaɗai suke yi ba, yankan juna suke da haƙori. Mai kiwon da ya shiga da warin wani namijin a jikinsa yana iya samun rabonsa.

Ya kamata a fahimci yadda mesa ke kisa, kowace iri ce, domin a kan wannan ne zaɓin ya rataya. Ba ta da dafi kamar kububuwa ko gamsheƙa. A leɓenta akwai 'yan ramuka masu jin ɗumin jiki, da su take gane abin farauta a cikin duhu, harshe kuma yana ɗebo mata wari. In ta kawo cizo, haƙoranta lanƙwasassu ne zuwa ciki kamar ƙugiya, duk yadda ka ja hannu sai su ƙara shiga. Kafin ka ankara ta naɗe. Da ana cewa numfashi take toshewa, amma gwajin da Scott Boback ya yi a 2015 da wani maciji mai matsa irin nata ya nuna jini ne take tsayarwa: matsin ya fi ƙarfin zuciya, jini ya daina kaiwa ƙwaƙwalwa, a suma cikin daƙiƙoƙi. Wato wanda aka naɗe wa wuya ba shi da lokacin yin dabara, ba shi ma da lokacin kiran taimako. Haɓarta kuma ba gocewa take ba kamar yadda ake faɗi. Ƙasusuwan haɓar ƙasa biyu ne, jijiya mai talewa ce ta haɗa su, sai ta riƙa tura ɓangare ɗaya gaba, ta bi da ɗayan, kamar mai jan safa.

Cikin huɗun nan, mai raga ce kaɗai aka tabbatar sau da yawa, da hoto da gawa, cewa tana haɗiye babban mutum. A Maris 2017 an farke cikin wata a Mamuju ta Sulawesi ta Yamma aka ciro wani manomin kwakwar manja ɗan shekara 25. A Yuni 2018 haka ta faru da wata mata 'yar shekara 54 a tsibirin Muna, ta je duba lambunta da yamma. A 2022 wata mai tatsar roba a Jambi ta Sumatra. A Filifin, Thomas Headland da Harry Greene sun wallafa a 2011 cewa cikin mazan ƙabilar Agta da aka tattauna da su a Luzon, kashi 26 cikin ɗari mesa ta taɓa kai musu hari, kuma mutum shida ta kashe tsakanin 1934 da 1973. Idan ka tuna miliyoyin mutanen da ke maƙwabtaka da ita, abin ba shi da yawa. Amma ya nuna cewa babbar mai raga tana iya duban mutum ta ga abinci.

A wajen masu kiwo kuwa ba haɗiya ce ke kashewa ba, kuskure ne. Mesar da ta saba duk sanda ƙofa ta buɗe abinci ne ke shigowa, ranar da ka buɗe don sauya ruwa, hannunka mai ɗumi, wataƙila ma da warin kaza, sai ta kama ta naɗe kafin ta gane. Mai raga ta fi kowacce wannan zalamar. Shi ya sa gwanaye ba sa buɗe mata sai da sanda mai lanƙwasa, su fara shafa mata ita a jiki don ta gane yau ba ci ba ne. Kuma ba sai ta yi girman Medusa ba. A 2019 an tsinci gawar wata mata a jihar Indiana da mai raga mai ƙafa 8 a wuyanta, ko mita 2 da rabi ba ta cika ba. Ita kaɗai ce a ɗakin. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ita ce, mesa in ta kai wannan tsawon mutum ɗaya ba ya taɓa ta, kuma duk ƙarin tsawo da ƙarin hannu.

Nan na tambayi Kawu, "Wa zai riƙa buɗe ƙofar?" Ya waiwaya ya dubi yaron da ke ba jiminu dusa, wani siririn saurayi da ke kwana shi kaɗai a gonar. Bai ce komai ba.

To me zai hana a ɗauki ta Bama? Kusan duk farar mesa mai ɗigon ruwan ɗorawa da ka gani ana rataya wa 'yan yawon buɗe ido a kafaɗa, zabiyar mesar Bama ce. An zaɓe ta don sanyin hali. Wadda aka ƙyanƙyashe a hannun mutane takan yi laƙwas, tana tafiya a hankali, ba ta da yawan zargi. Idan burinka babbar mesa da za a riƙa fitarwa ana nunawa, babu shakka ta fi mai raga. Amma ni wannan sanyin ne ke ba ni tsoro. Mai raga kullum tana tuna maka ko ita wace ce, ba ka sakin jiki da ita. Ta Bama sai ta yi shekara biyar ba ta nuna maka komai ba, har ka fara shiga kai kaɗai, ka fara barin yara su matso. Zalamarta ta abinci kuwa tana nan daram, ga nauyin da in ya hau ka ba ka iya ɗagawa. Tana da saurin girma da saurin ƙiba, kuma tana yawan kamuwa da ciwon huhu in ɗakinta ya yi sanyi.

Akwai kuma abin da ya faru a jihar Florida ta Amurka. Mesoshin Bama da masu kiwo suka saki ko suka tsere sun kafa zuri'a a fadamar Everglades. Wani bincike na 2012 ya gano cewa wasu ƙananan dabbobin wurin da ake yawan gani a hanya da dare sun ragu da sama da kashi 98 cikin ɗari. An kama wata mace mai kilo 98 da ƙwai 122 a cikinta, a 2023 kuma aka kama mai mita 5.79. Amurka ta hana shigo da ita a 2012, tare da mesar Afirka irin tamu, ta ƙara da mai raga a 2015. A busasshiyar ƙasarmu baƙuwar mesa da ta tsere da wuya ta ga damina biyu, amma kudancin Najeriya da ruwansa da dajinsa wani zance ne, kuma dabbar da aka shigo da ita Kano ba a Kano take ƙarewa ba. Abin mamaki, a ƙasarta ta asali mesar Bama raguwa take, har tana cikin jerin masu rauni.

Yanzu ga wurin da baƙin biyu suka faɗi jarrabawa tare: iska. Mai raga 'yar dajin da ruwa ba ya yankewa ce. Tana son zafi mai tsayawa wuri ɗaya, wajen digiri 26 zuwa 32, da danshin iska sama da kashi 60 cikin ɗari, shekara duka. Mu kuwa da hunturu danshi kan faɗi ƙasa da kashi 20, leɓe ya tsage, asuba ta yi sanyin da sai an hura wuta, sannan a Afrilu rana ta haura digiri 40. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan illa ne gare ta. Bushewa tana hana saɓa fita gaba ɗaya, sai ta riƙa fita guntu-guntu, ta maƙale a ido da bakin jela har jelar ta rube. Sanyi yana tsayar da narkewar abinci, ta amayar da shi ko ya ruɓe a ciki, sai kuma majina da numfashi da baki buɗe. Zafin da ya wuce kima kuwa a ɗakin kwano yana kashe ta cikin awoyi, don ba ta da gumi, ba ta da inda za ta gudu. Ke nan sai ka gina mata ɗaki rufaffe mai na'urar ɗumamawa da ta sanyayawa da kwatamin wanka, da wutar da ba ta ɗaukewa. Kowa ya san labarin wuta a nan. Sai sola da batir na musamman don maciji.

Tamu ta gida ba ta buƙatar wannan duka. An halicce ta da hunturu da bazara. A daji in rani ya tsananta takan shige ramin dabgi ko tsohon shuri ko kogon dutse kusa da ruwa ta yi likimo har damina. Ka ba ta fili mai katanga da rufin waya mai ƙarfi, da rami mai zurfi mai sanyi, da kududdufi, da wurin shan hantsi, ita za ta daidaita sauran da kanta. Matsalarta hali. Masu kiwo a ko'ina sun san ta da faɗa. Tana huci, tana kawo cizo, ba ta cika sabo ba, musamman wadda aka kamo babba. Amma faɗanta na tsoro ne, so take ka rabu da ita, kuma ga dabbar da za a kalla daga bayan gilashi ba a taɓa ba, wannan ba aibi ba ne. Kada ganin gardi da mesa a wuya ranar kasuwa ya ruɗe ka. Ka matsa kusa ka duba: yawanci a galabaice take, ƙashin baya ya fito, baki da gyambo. Yunwa da wahala ne suka ladabtar da ita. Mai ƙoshin lafiya ba haka take ba. A Agustan 2013 a garin Campbellton na Kanada, irinta ce ta bi ta bututun iska ta fita daga ɗakinta, ta faɗo ta rufi inda yara biyu 'yan shekara 4 da 6 ke barci, ta kashe su. Kafar da ka ce kanta ba zai shiga ba, ita za ta fara gwadawa.

Wadda aka kamo a daji tana zuwa da kaska da tsutsar ciki, takan kuma yi watanni tana ƙin abinci, don haka likitan dabbobi ya fara ganinta. Sannan ga doka. Dokar Najeriya ta kare namun daji masu ƙarewa ta 1985, wadda aka gyara a 2016, ta ambaci mesoshin ƙasar nan, ba a kamo su ko a saye su haka kawai. Hanyar da ta dace ita ce a bi ta hukumar kula da namun daji ta jiha, a karɓi wadda aka ceto daga hannun mutanen gari, don kowace damina sai an kama wasu a kejin kaji ko garken awaki, kuma ƙarshensu adda ne. Na waje kuma duk suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, sai da takardun izini. Wanda ya ce zai kawo maka ba takarda, fasa-ƙwauri yake nufi.

Ciyarwa ba ta raba manyan ukun sosai ba. Ƙarama tana cin ɓera duk mako, babba zomo ko kaji ko ɗan akuya duk mako biyu zuwa huɗu. Bayan ta ci a bar ta kwanaki ba a taɓa ta, don cikinta aiki yake kamar maƙera. A mesar Bama an auna yadda kuzarin jiki ke ninkuwa har kusan sau 40 bayan babban ci. A ba ta abin da aka riga aka kashe, saboda gafiya ko zomo mai rai yana iya cizonta ya yi mata rauni, kuma shi ma an rage masa azaba. Abin da ya fi kuɗin abinci nauyi shi ne shekaru. Manyan suna wuce shekara 20 a keji cikin sauƙi. Yaron da ka koya wa aikin zai yi aure ya tafi, mesar tana nan. Kuma ko mace ɗaya ka ajiye ba namiji, kada ka rantse ba za ta hayayyafa ba. A gidan dabbobi na Louisville a Amurka wata mai raga mai suna Thelma, wadda ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba, ta yi ƙwai 61 a 2012, shida suka ƙyanƙyashe, duk mata, gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar ba su da uba. A al'ada mai raga tana yin ƙwai 15 zuwa 80, ta naɗe su tana kwanci kusan wata uku, kuma mai kwanci ba a yi mata wasa.

Mai dunƙulewa zancenta gajere ne domin matsalarta kaɗan ce. Daga Ghana da Togo da Benin ake fitar da dubbanta zuwa Turai da Amurka, a Wida ta Benin har ɗakin bauta aka gina mata, a wasu garuruwan Ibo ba a kashe ta. In ta tsorata sai ta cusa kai a tsakiyar jiki ta zama curi. Mutum ɗaya ya ishe ta, akwati mai tsawon mita ɗaya da 'yan kai ya ishe ta, ɓera ɗaya a mako ko biyu ya ishe ta. Ita ce za ka iya ɗora wa ɗan firamare a hannu kana tsaye, ya ji cewa maciji ba santsi ne da shi ba, a bushe yake, sannan ya wanke hannu da sabulu, don duk dabbobi masu jan ciki suna iya ɗauke da ƙwayar cutar gudawa. Aibinta biyu: tana son danshi fiye da babbar tamu, sai an riƙa jiƙa mata maɓoya da hunturu, kuma takan yi yajin ci na watanni ba dalili. Tana da tsawon rai, akwai wadda ta haura shekara 47 a gidan dabbobi na Philadelphia. Ba ta dai cika ido, wuni take a ɓoye.

Wani zai ce ai akwai ƙananan masu raga. Haka ne. A 'yan tsibiran da ke kudu da Sulawesi, irin su Jampea da Kalatoa da Madu, akwai waɗanda ba sa wuce mita 2 zuwa 3 ko ɗan sama. Ga wanda zanen da wayon mai raga suka kama wa zuciya, kuma yana zaune inda wuta da likitan macizai suke, namijin irin waɗannan shi ne hanya. Sai dai an gauraya su da manyan wajen neman launi, jinjirinsu duk kama ɗaya, kuma dillali ba zai gaya maka uwar mita 5 ce ba. Sai bayan shekara uku ka gane. Ƙanƙantarsu kuma ba ta rage musu zalama ko buƙatar danshi ba.

Ga yadda na raba wa Kawu. In gidan dabbobi ne na gaske, mai ma'aikata aƙalla uku da aka horar, da ɗakin da aka gina mai ƙofa biyu da shingen raba mesa da mai shara, da wuta tsayayya, to mai raga ta cancanci wahalar, don babu wadda ta kai ta kyau da ban sha'awar ɗabi'a. In wurin ya kai haka amma nuni a hannu ake so, ta Bama. In wuri ne irin nasa, mai fili da 'yan kallo amma ba gwanaye, tamu ta gida a bayan gilashi, da izini, da shingen da zai sa babu mai shiga inda take, ko da shara ce. In kuwa gida ne, ko makaranta, ko akwai yara masu kwana a wurin, mai dunƙulewa ce kawai, sauran ukun a cire su daga lissafi.

Kawu ya daɗe yana duban hoton a wayarsa. Ya ƙirga mutanen da ke tallabe da mesar da ɗan yatsa, ya kai goma sha wani abu ya tsaya.

"Ita tamu ɗin," ya ce, "ramin nata zurfin ƙafa nawa za a yi?"

Washegari ya aika a kira magini, ni kuma ya ba ni aikin nemo ofishin da ake karɓar izini.